Ba ƙazantar baki ce makamin damon Komodo ba

An daɗe ana cewa ƙaton damon tsibirin Komodo, a Indonesiya, da ƙwayoyin cutar bakinsa yake kashe barewa. Ba haka ba ne. A 2009 masana suka gano dafi a muƙamuƙinsa na ƙasa, mai hana jini daskarewa. Haƙoransa masu kama da zarto su keta nama, jini ya yi ta zuba har dabbar ta faɗi.

Shi kuwa kwaɗo mai ruwan zinariya na dajin Kolombiya, ɗan santimita 5, ko cizo ba ya yi. A fatarsa gubar take, daga ƙwarin da yake ci. Abin da ya fi ba ni mamaki, wanda aka ƙyanƙyashe a keji ba shi da guba.