Waiwaye: Zanen 1903 da gardamar da ba ta ƙare ba kan uwar sarki Cixi

Har yau ba a daina jayayya kan Cixi ba, matar da ta riƙe ragamar ƙasar Sin kusan shekara 47. Wasu na ganin muguwar tsohuwa ce da ta danne sarakuna biyu, ta kai daular Qing bakin kabari. Wasu kuma na cewa ita ta fara buɗe wa ƙasar ƙofar zamani, kuma don tana mace ne aka rataya mata jakar tsaba. Wasan waƙe-waƙe na dandamali mai suna Forbidden City: Portrait of an Empress, wanda aka fara nunawa a Singafo a 2002 lokacin buɗe zauren Esplanade, da kiɗan Dick Lee da muryar Kit Chan, ya shiga wannan gardama tsundum, domin ya bai wa matar dama ta faɗi labarinta da bakinta. An sake dawo da shi a 2003 da 2006 da 2017. Mai kallo na iya zaton marubutan wasan ne suka ƙirƙiro wannan wankin suna. Maganar ta girme su da kusan shekara ɗari.

Farkon labarin sananne ne. An haife ta a 1835 a gidan Manchu, ta shiga fada a matsayin ƙwarƙwarar sarki Xianfeng, ta haifa masa ɗa namiji a 1856. A 1860 sojojin Ingila da Faransa suka ƙona tsohuwar fadar bazara, sarki ya bar Beijin, ya rasu a 1861. A wannan shekarar ita da Ci'an, uwargidan marigayin, suka karɓi riƙon sarauta a madadin yaron. Da yaron ya rasu a 1875 ta ɗora ɗan ƙanwarta, Guangxu. A 1898 ta dakatar da gyare-gyaren mulki na kwana ɗari da Guangxu ya fara, ta sa aka tsare shi. A 1900 'yan tawayen Boxer suka yi wa unguwar jakadu ƙawanya, rundunar ƙasashe takwas ta shiga Beijin, Cixi ta tsere zuwa Xi'an.

A duk tsawon wannan lokaci, mutane nawa ne suka taɓa ganin fuskarta? Daga bayan labule take sauraron manyan fada, yaro sarki na zaune a gaba. Tsakaninta da duniya akwai ganuwa bayan ganuwa, da babanni masu shiga da fita da saƙo. Jaridun Turai da Amurka kuwa kullum sai sun ba da labarin Sin, kuma wakilansu ba su da hanyar shiga cikin gida. Abin da suke samu shi ne ji-ta-ji-tar kasuwa, da koken waɗanda suka sha kaye a rikicin fada suka yi gudun hijira. Mu ma mun san yadda labarin cikin gidan sarauta ke kumbura kafin ya iso ƙofar gari. Zuwa 1900, masu zanen barkwanci a Turai sun riga sun yi mata fuska, tun ba su gan ta ba.

Abin da ake yawan tsallakewa shi ne abin da ya biyo bayan dawowarta Beijin a farkon 1902. A ganina nan ne gardamar ta samo asali, domin kafin lokacin kusan murya ɗaya ake ji a waje. Ta fara gayyatar matan jakadun ƙasashen waje fada, su ci su sha tare da ita. Cikinsu akwai Sarah Conger, matar jakadan Amurka, wadda ita kanta tana cikin waɗanda aka yi wa ƙawanya a 1900. Wannan matar ce ta kawo shawarar a zana uwar sarki, a kai zanen baje kolin duniya na St. Louis da za a yi a 1904, mutane su gani da idonsu.

Shawarar ba ƙarama ba ce. A al'adar fada, zanen mai sarauta kayan girmamawa ne da ake adanawa, ba a baje shi talakawa su tsaya suna ƙare masa kallo, balle baƙi a wata nahiya. Amma ta yarda. A watan Agusta 1903 wata Ba'amurkiya mai zane, Katharine Carl, ta shiga fada, ta zauna kusan wata tara, ta yi zane huɗu.

Aikin bai tafi yadda mai zanen ta koya a Paris ba. Sai an duba sa'a kafin a ɗora buroshi. Uwar sarki ba ta da haƙurin dogon zama, don haka sau da yawa wata daga cikin matan fada ke sa tufafin ta zauna a madadinta. Babban abin ja-in-ja shi ne inuwa. A salon Turawa, da haske da inuwa ake fito da siffar fuska; fada ta ce ba za a sa duhu a fuskar mai sarauta ba. Haka aka fito da fuskar mace mai shekara 68 sumul, babu tamoji ko ɗaya, tana zaune cikin rigar alharini ruwan ɗorawa da lu'ulu'u, yatsunta sanye da dogayen kuben farce. Tsayin babban zanen ya kusa mita uku, aka sa shi cikin firam na itacen kafur da aka sassaƙa. Da zai bar Beijin, girmamawar da ake yi wa mai shi aka yi masa. Bayan baje kolin aka ba gwamnatin Amurka kyauta, kuma yanzu yana hannun cibiyar Smithsonian a Washington.

A daidai wannan lokaci ta bar Xunling, ɗan tsohon jakadan Sin a Faransa, ya ɗauke ta hotuna da kyamara. A wasu tana tsaye da matan fada, a wasu ta yi shigar Guanyin, wadda mabiya Buddha ke ɗauka alamar jinƙai. Abin da ke taɓa ni a nan shi ne, tsohuwar da ta shafe shekara arba'in a bayan labule ta gane cewa ɓoyewar da ta ba ta kwarjini a gida ita ce ta bar sunanta a hannun wasu a waje, ta kuma tashi gyarawa a makare.

Daga nan aka samu Cixi biyu. Carl ta wallafa littafinta a 1905, ta siffanta mace mai fara'a da kaifin hankali, mai son furanni da karnuka da wasan kwaikwayo. Nan da nan aka yi watsi da shaidarta da ta sauran matan, aka ce kyauta da liyafa ne suka rufe musu ido. Alhali su ne suka zauna da ita ɗaki ɗaya. Bayan rasuwarta a Nuwamba 1908, kwana ɗaya bayan Guangxu, wani kundi da aka jingina wa wani bafade ya yi shekaru ana kafa hujja da shi kafin masana su tabbatar jabu ne. Da daular ta faɗi a 1912, babu sauran mai wata riba a kare ta.

Kan wannan zama na mai zane da uwar sarki aka gina wasan na Singafo: tsohuwa na ba baƙuwa labarin ƙuruciyarta, da mijinta, da ɗanta, zane na tafiya. Masu kare ta a yau, har da marubuciya Jung Chang a littafinta na 2013, suna nuni da dokar 1902 da ta yi hani ga ɗaure ƙafafun 'yan mata, da soke tsohuwar jarrabawar shiga aikin gwamnati a 1905, da alkawarin tsarin mulki a 1906. Masu suka suna amsawa da 1898, da diyyar azurfa tael (ma'aunin azurfa na Sin) miliyan 450 da aka ɗora wa ƙasar a 1901 kan tawayen Boxer, suna cewa gyaran ya zo ne bayan wuƙa ta kai ƙashi. Duka ɓangarorin na da takardu a hannu yanzu, tun da aka buɗe wa masu bincike taskar ajiyar fadar Qing a Beijin da Taipei, kuma a can ake ci gaba da fafatawar.