Kariya daga gobara a masana'antun batirin litiyam

Kariya daga gobara a masana'antun batirin litiyam ta ƙunshi matakan gini, ajiya da horar da ma'aikata da ake ɗauka don kada batir ya kama da wuta, in kuma ya kama, kada wutar ta tsallaka zuwa sauran kaya. Batirin litiyam-ayon, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, shi ne ke cikin wayoyin hannu, kwamfutoci, motocin lantarki da kayan sola.

A cikin kowace ƙwayar batir, wato ƙaramin batir guda daga cikin waɗanda ake harhaɗawa su zama babba, akwai wata siririyar leda da ke raba ɓangarori biyu masu caji, tare da ruwan sinadari mai saurin kamawa. Idan ƙwayar ta huje, ko caji ya yi mata yawa, ko wani ɗan ɓurɓushin ƙarfe ya maƙale a ciki tun wajen ƙira, sai ɓangarorin su haɗu, zafi ya tashi. Ledar kan fara narkewa a wajen digiri 130. Daga nan zafi ke haifar da wani zafin, kowace ƙwaya ta kunna ta kusa da ita. Wasu nau'o'in ma suna sakin iskar oksijin da kansu yayin da suke ci, shi ya sa toshe wa wutar iska ba ya wadatarwa. Hayaƙin kuma guba ne, akwai sinadarin haidurojin fulorayid a cikinsa, mai ƙona huhu. Batirin da aka kashe wutarsa yana iya sake tashi bayan sa'o'i.

Wurin da ya fi haɗari a masana'anta shi ne sashen cajin farko da ɗakin da ake jinginar da batura kwanaki ana duba lafiyarsu, domin a nan ne aibin ƙira ke bayyana, ga dubban ƙwayoyi jere wuri guda. Ana raba wannan sashe da bango mai jure wuta, a sa na'urorin gano zafi da iskar gas, da masu yayyafa ruwa daga silin. Ruwa mai yawa shi ne magani, saboda yana sanyaya baturan da wuta ba ta kai gare su ba tukuna. Ana kuma ajiye kaya da ƙarancin caji. Ko a jirgin sama, ƙa'idar dakon irin waɗannan batura ba ta yarda cajinsu ya wuce kashi 30 cikin 100 ba.

A ranar 24 ga Yuni, 2024, gobara ta hallaka mutum 23 a masana'antar Aricell da ke Hwaseong a Koriya ta Kudu, yawancinsu baƙin ma'aikata 'yan Sin. Baturan wurin ba litiyam-ayon ba ne, na ƙarfen litiyam ne da ba a sake yi musu caji, waɗanda ruwa bai dace da wutarsu ba, kuma hayaƙi ya rufe ɗakin cikin ƙasa da minti guda, abin da ya sa masana ke fifita hanyar fita da atisayen gudu a kan tulin tukwanen kashe wuta.

A Najeriya, akasarin ƙwayoyin batir daga Sin ake shigo da su, aikin da ake yi a gida shi ne harhaɗa su domin sola da inbata. A Abuja, inda hedikwatar Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya take, zafin Maris da Afrilu kan matsa wa duk ma'ajiyar da ke ƙarƙashin kwano ba iska. Ƙaramin shagon haɗa batir ma yana buƙatar ware lalatattun ƙwayoyi a waje, nesa da kwali da janareta, sannan a sanar da 'yan kwana-kwana irin kayan da ke ciki tun kafin wani abu ya faru.