Gadon bayan da aka sa wa na'ura ba na ƙaho ba ne

Ranar Alhamis da ta wuce, ana tsaka da cin kasuwar Dole, aka shigo mini gidan likita da wani dattijo, ɗansa na tallafe da shi, jiki zafi zau. Na ce, "Alhaji, ɗaga riga in gani." Ya yi ta noƙewa. Da ya ɗaga sai ga shatin ƙaho shida reras a gadon bayansa, na ƙarshen daidai saman ɗuwawu, inda batirin na'urarsa ta rage ciwon baya yake kwance ƙarƙashin fata. Wurin ya kumbura yana sheƙi, yana tsattsafo da ruwa mai wari.

Na ce, "Haba Alhaji, wa ya aike ka?"

Ya ce, "Ɗiyata, ciwon ne ya dawo. Aka ce mataccen jini ne ya taru."

Wannan bawan Allah fili ya sayar kafin ya je Tunusiya aka dasa masa na'urar rage ciwon baya. Masu ɗauke da ita a Damagaram ba su da yawa, amma duk wanda ya zo mana da matsala, kafin ya buɗe baki na san labarin: ciwo ya motsa, an kira wanzami. In ba ƙaho ba to tsaga, in ba tsaga ba to an sa jika ya hau baya ya tattaka. Na gaji da ganin wannan, shi ya sa na ɗauki biro.

Ku masu ɗauke da na'urar, abin da ke jikinku ba wani abin tsoro ba ne, tun 1967 aka fara dasa shi a Amurka. Ƴan siraran wayoyi ne aka shimfiɗa kusa da laka cikin ƙashin baya, da batir da bai wuce akwatin ashana ba. Yana aika ɗan kuran kaɗan da ke dakushe saƙon ciwo kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Ba ya warkar da ciwon. Idan ya rage rabinsa, likitocin da suka sa shi nasara suke kiran hakan, kuma na tabbata sun faɗa muku a can, murnar samun sauƙi ce ta sa ba ku ji ba. Saboda haka ranar da kuka tashi da ciwo, ba jini ne ya mutu ba, ba kuma sammu ba ne.

Ni ba na gāba da wanzamai. Wanzami ne ya yi wa ƴaƴana askin suna, babana kuma duk bazara sai an yi masa ƙaho. Amma bayan babana babu waya a ciki. Naku akwai. Aska ta tsaga fata a kan batir, ƙwayar cuta ta samu ƙofa, ta manne a jikin ƙarfe da roba inda magani ba ya cin ta da kyau. Daga nan galibi sai an ciro komai, batir da wayoyi. Wannan ma in an yi sa'a ke nan, don cutar tana iya bin waya har laka, ta zama sanƙarau ko ta shanye ƙafafu. Kuɗin fili, wahalar hanya, duk a banza saboda ƙahon jaka ɗaya. Kada ku bari a tsaga bayan nan. Ko mahaifiyarku ce ta aiko da wanzamin, ku ba ta haƙuri.

Abin da ya fi ƙona mini rai, dalilin dawowar ciwon sau da yawa ƙaramin abu ne. Wata Hajiya ta kwana huɗu tana kuka, kishiyarta da surukarta suka kawo mai tausa ta murje ta son ranta. Da muka duba telekomand ɗin na'urarta, batir ne kawai ya mutu. An yi ta ɗauke kuran, ita kuma ta yi ta cewa gobe ta sa caji. Allah ya rufa asiri wayar ba ta goce ba. Ga wani kuma gocewar wayar ce, ga wani saitin ne ke son gyara. Ko ɗaya ƙaho ba ya maganinsa. Tausa mai ƙarfi da taka baya ma su ke jawo gocewar.

Ku kuma masu ɓoyewa, da ku nake. An ce kada maƙwabta su ji akwai inji a jikin maigida, sai a yi shiru, har wanzamin da ya zo ba a gaya masa ba. Laifinsa ne? Ya ga ƙullutu ƙarƙashin fata, ya ɗauka nan ne cutar ta taru, ya kafa ƙaho a kai. Da an ce masa "akwai batir a nan", na yi imani da ya naɗe zabirarsa ya tafi.

Na san ciwon baya na shekara da shekaru yana sa mutum ya kama ko kaifin takobi. Na ga masu salla a zaune suna hawaye. Ba raina wahalarku nake ba. Amma ku zo mana tukuna, ko da dare ne.

Sauran a gurguje:

- Sati 6 zuwa 8 na farko bayan aiki: ba duƙawa, ba murɗa jiki, ba daka, ba jan guga, ba ɗaukar kaya. Kabu-kabu ma a haƙura.
- Da an kawo kuran ku cika na'urar cajin, wadda ake mannawa a jiki don cika batirin. Kada ku yi barci da ita manne a jiki.
- Katin na'urar ya zauna a aljihu. Ku nuna shi a filin jirgi, da kuma kafin hoton IRM (hoton cikin jiki da ake ɗauka da injin maganaɗisu) ko kowane irin aiki a gidan likita.
- In taku mai sa jin tsira-tsira ce, ku kashe ta kafin ku tuƙa mota ko babur.
- Zazzaɓi, kumburi, ruwa daga wurin ɗinki, ko ƙafa ta yi nauyi: ranar za ku zo, ba gobe ba.
- Tramol na ƴan tebur, a bar shi.

Alhaji yana kwance wurinmu ana sa masa magani ta jijiya. Mun aika wa likitansa na can hoton wurin ta WhatsApp, ya ce a dawo da shi a cire. Jiya ɗan ya tsayar da ni a bakin ƙofa yana tambaya ko na san nawa tikitin jirgi yake yanzu.