Sojan Kwafi da Muhawarar 'Yancin Zaɓi

Sojan kwafi shi ne mutumin da za a samar daga ƙwayar halittar wani mutum guda, a rene shi tun yana jariri domin yaƙi kawai. Babu shaidar an taɓa samar da ɗan Adam ta wannan hanya. Abin muhawara shi ne ko irin wannan mutum zai kasance da 'yancin zaɓi. Muhawarar kwafar ɗan Adam ta yi ƙarfi ne bayan haihuwar Dolly, tunkiyar da aka samar ta hanyar kwafi, a cibiyar Roslin ta Sukotlan a 1996.

Ginshiƙin muhawara

Masu cewa 'yancinsa ya tafi suna kafa hujja da cewa an tsara masa makoma tun kafin ya zo duniya. Masanin falsafa Hans Jonas ya yi maganar haƙƙin mutum na kada ya san yadda rayuwarsa za ta kasance, Joel Feinberg kuma a 1980 ya kare haƙƙin yaro na samun makoma a buɗe. Ɗaya ɓangaren na nuni da tagwaye masu kama ɗaya: ƙwayar halittarsu ɗaya ce, amma Hassan na iya zama ɗan kasuwa, Usaini malami. A ganinsu reno da tilas ne abin tuhuma.

Abin da tarihi ya nuna

An sha renon yara domin yaƙi ba tare da shawararsu ba. Mamluk yara ne, galibi Turkawa, da ake saye a musuluntar, a horar da su hawan doki da harbin kibiya. A 1250 suka kashe Sarki Turanshah suka karɓe mulkin Masar, a 1260 kuma suka fatattaki Mongol a Ain Jalut.

Daular Usmaniyya, wataƙila tun ƙarshen ƙarni na 14, ta riƙa kwaso 'ya'yan Kiristocin Balkan tana mayar da su rundunar Yanisari. An raba su da iyaye, an canza musu suna, an daɗe ana hana su aure, duk don kada su san kowa sai sarki. Amma su ne suka tumɓuke Sarki Usman na Biyu a 1622. Idan za su yi bore, tukwanen abincinsu suke kifarwa. Sai a 1826 Sarki Mahmud na Biyu ya iya rushe su. Wannan tarihi ya fi ƙarfafa masu cewa horo yana danne zaɓi amma ba ya kashe shi.

Doka da addini

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta haramta kwafar ɗan Adam a zamanta na Jidda a 1997. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2005, mai kira da a hana kwafar ɗan Adam, ta samu ƙuri'a 84, 34 suka ƙi, 37 suka ƙaurace. Ba ta da ƙarfin doka.