Katin asibitin ƙwaƙwalwa ba ya wanke wanda ake tuhuma

Mutane da yawa a Abuja sun ɗauka da zarar lauya ya miƙa katin asibiti ya ce wanda ake tuhuma yana da taɓin hankali, sai alƙali ya sallame shi. Ba haka abin yake ba. Sashe na 51 na dokar hukunta laifuka ta Final Kod, wadda kotunan Abuja ke aiki da ita, lokacin aikata laifin yake dubawa: a wannan sa'ar, ya san abin da yake yi? Ya san ba daidai ba ne? Ɓangaren wanda ake tuhuma ne zai kawo hujja. Likita rahoto kawai yake bayarwa, hukunci na alƙali ne.

Ko kotu ta gamsu, ba gida zai koma ba. Tsare shi ake yi ba ranar fita, kuma abin takaici, sau da yawa a gidan yari, inda maganin ma wuyar samu yake yi.