Neman aikin koyar da Ingilishi a ƙananan biranen ƙasashen waje: tambayoyi da amsoshi

Matasan da suka karanta Ingilishi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da malaman kwantaragi da ke koyarwa a makarantun sakandare na Tawa, sukan yi shawarar fita waje da wannan sana'a, kuma galibi Abijan ko Kwatano ko Dakar ne ke fara zuwa musu a rai. Ga tambayoyin da suka fi yi idan aka ba su shawarar su duba ƙananan garuruwan waɗannan ƙasashe maimakon manyan biranensu.

Me zai sa malami ya tsallake babban birni ya nufi ƙaramin gari?

Dalili na farko shi ne yawan masu nema. A babban birni ne masu manyan takardu suke taruwa, har da 'yan Gana da 'yan Najeriya waɗanda suka yi dukan karatunsu da Ingilishi, don haka baƙon da ya zo daga Nijar yakan tarar da layi mai tsawo a gabansa. A garuruwa irin su Bwake da Korogo a Kodebuwa, ko Faraku a Benin, ko Sokode da Kara a Togo, ko Bobo-Julaso a Burkina Faso, buƙatar tana nan amma masu biyanta ba su kai na birni ba. Ingilishi darasi ne da ake jarrabawa a kansa a BEPC da bakaloreya, makarantun kuɗi suna da yawa, kuma akwai jami'o'i a Bwake da Korogo da Faraku da Kara da Bobo-Julaso, inda ɗalibai ke neman mai taimaka musu su karanta littattafan da ba a fassara ba. Albashi ya fi na birni ƙanƙanta, wannan gaskiya ne, sai dai kuɗin haya da na mota da na abinci su ma sun fi sauƙi, kuma abin da ya rage a hannu ƙarshen wata shi ne abin dubawa.

To, ƙasashen Asiya da ake ta tallarsu a intanet fa?

A nan ya kamata a faɗa wa matasa gaskiya tun da wuri. Koriya ta Kudu, a bizarta ta malaman Ingilishi, ta fi karɓar 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostareliya, Niyu Zilan, Ayalan da Afirka ta Kudu. Ƙasar Sin ma tana fifita waɗanda Ingilishi ne harshen ƙasarsu, kuma tun 2021 ta taƙaita harkar cibiyoyin ƙarin darasi ƙwarai. Mai fasfon Nijar, komai ƙwarewarsa, zai sha wahala a waɗannan wurare. A ganina ƙasashen da ke aiki da Faransanci a maƙwabtanmu sun fi dacewa da shi, domin a can abin da ake ɗauka rauni a Asiya ya zama ƙarfi: malamin da shi kansa ya koyi Ingilishi bayan Faransanci ya san daidai inda yaro zai yi tuntuɓe, kuma yana iya yi masa bayani da harshen da yake ji. Ƙari a kan haka, ƙasashe 8 na UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta Afirka ta Yamma da Nijar ke ciki, kuɗinsu ɗaya ne, ba sai an yi canji ba idan za a aika wa gida.

Ficewar Nijar daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ba ta rufe wannan hanya ba?

Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa ranar 29 ga Janairu 2025, kuma a lokacin CEDEAO ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku har sai an yi wata sanarwa. Saboda haka wajibi ne mutum ya je ofishin jakadancin ƙasar da yake nufi a Yamai ya tambayi halin da ake ciki kafin ya sayi tikiti. Ya kuma tuna cewa izinin shiga ƙasa daban, izinin zama da na aiki daban.

Waɗanne takardu ake nema?

Digirin lisans a fannin Ingilishi shi ne ginshiƙi, kuma tsarin CAMES, hukumar ilimin jami'a ta ƙasashen Afirka da dama, mai hedkwata a Wagadugu, yana sauƙaƙa amincewa da takardun jami'o'in yankin. A haɗa da kwafin da hukuma ta buga wa hatimi, da takardar kotu ta shaidar rashin laifi, da wasiƙar shugaban makarantar da aka taɓa yi wa aiki. A ƙasashe da dama malamin makarantar kuɗi yana buƙatar izinin koyarwa daga ma'aikatar ilimi. Takardar TEFL, shaidar horon koyar da Ingilishi ga waɗanda ba harshensu ba ne, ta awa 120 tana ƙara daraja. Irin wannan takarda ta Kambirij mai suna CELTA, wadda ta ƙunshi awa 6 na koyarwa a gaban mai dubawa, ta fi ta ƙarfi amma tana da tsada.

Ta yaya ake jin labarin gurbi, tunda ba a cika tallarsa ba?

Wannan ita ce babbar matsalar ƙananan garuruwa, kuma a nan ne ɗan Tawa yake da abin da wasu ba su da shi. Adarawa, mutanen yankin Tawa, sun daɗe suna zuwa biɗa Kodebuwa da sauran ƙasashen kudu, kuma da wuya a sami babban gari a wannan hanya da ba shi da zango. Sarkin zango, ko limamin unguwa, ko ɗan kasuwar da 'ya'yansa ke makarantar kuɗi, ya san wace makaranta ce malaminta ya tafi, ya kuma san wadda ke biya a kan lokaci da wadda ke riƙe haƙƙin mutane. Mai makaranta a irin waɗannan garuruwa ya fi yarda da wanda aka kawo masa hannu da hannu a kan takardar da ta shigo ta waya. Lokaci ma yana da muhimmanci: ana komawa makaranta a Satumba ko Oktoba, don haka a Yuli da Agusta ake nema. Wanda ya iso bayan an raba azuzuwa sai dai ya samu ragowar awoyi.

Me ya kamata a duba kafin a sa hannu?

A tambaya ko albashin na wata ne ko na awa, domin makarantun kuɗi da yawa awoyin da aka koyar kawai suke biya, kuma babu ko dala a lokacin dogon hutu. A tambayi yawan ɗalibai a aji, da wanda zai ɗauki nauyin takardar zama, da ko an yarda malami ya yi darasin gida da yamma, wanda sau da yawa shi ne ke cike giɓin albashi. Duk wannan ya kasance a rubuce. Wanda ya nemi a tura masa kuɗi kafin a ga makarantar, ko ya ce a ba shi ajiyar fasfo, a rabu da shi nan take. A bincika batun tsaro kuma, musamman a gabashi da arewacin Burkina Faso da iyakar arewacin Benin.

Idan mutum ya dawo gida, wannan aikin zai amfane shi?

Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a Nijar a Maris 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci harsunan aiki, don haka ana sa ran buƙatar malaman Ingilishi za ta ƙaru a Tawa da Maraɗi da Damagaram. Shekarun da aka yi a waje za su yi amfani ne idan akwai shaidarsu, saboda haka kafin barin kowace makaranta a karɓi takardar shaidar aiki mai ɗauke da kwanan wata da azuzuwan da aka koyar da hatimin shugaban makarantar.