Tarin fuka da ƙanjamau a kudancin Afirka

Tarin fuka, wanda aka fi sani da tibi, shi ne ciwon da ya fi kashe masu ɗauke da ƙanjamau, kuma babu inda abin ya yi ƙamari kamar kudancin Afirka, wato Afirka ta Kudu da Lesotho da Eswatini da Mozambik da maƙwabtansu. A Afirka ta Kudu kusan rabin masu tibi suna da ƙanjamau.

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ƙwayar tibi, sai dai garkuwar jiki ta danne ta, mutum na ta harkokinsa ba tari ba rama, cikin mutum goma da ƙyar ɗaya zai kwanta ciwon har ƙarshen rayuwarsa. To shi ƙanjamau ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira CD4 yake bi yana cinyewa, su ne kuwa masu tsaron, da sun ragu sai tibi ya farka, haɗarin ya ninka fiye da sau 10. A yankin nan kuma ga ramukan haƙar zinare, ƙurar dutse ta riga ta lalata huhun leburori, ana kwana a cunkushe, in an sallami mutum ya koma ƙauyensu da cutar.

Babbar matsalar ita ce tibin mai ƙanjamau ɓuya yake. Sau da yawa a duba majina a madubin likita ba a ga komai ba, hoton ƙirji ma ya fito kamar lafiya lau, alhali ciwon ya tafi kaluluwa ko ciki ko ƙwaƙwalwa, mutum na ta zazzaɓi da gumin dare yana ramewa ana ba shi maganin maleriya. Shi ya sa na'urar gwajin tibi ta GeneXpert da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010 ta kawo sauƙi, cikin kamar awa 2 sakamako ya fito, akwai kuma gwajin fitsari na LAM ga waɗanda jiki ya yi tsanani.

A 2006 aka bayyana abin da ya faru a garin Tugela Ferry da ke lardin KwaZulu-Natal a Afirka ta Kudu: mutum 53 suka kamu da tibi mai bijire wa kusan duk magunguna, 52 suka rasu, kuma duk waɗanda aka yi wa gwaji a cikinsu suna da ƙanjamau.

Maganin tibi wata 6 ne, na ƙanjamau kuma ana so a fara shi cikin sati 2 da fara na tibi, sai in tibin ya taɓa ƙwaƙwalwa ne ake ɗan jinkirtawa. Haɗa su ba wasa ba ne, don maganin tibi rifampicin na rage ƙarfin maganin ƙanjamau dolutegravir, dole a koma shan dolutegravir ɗin sau biyu a rana, wani ma da garkuwa ta fara dawowa sai zazzaɓi da kumburi su taso ya ɗauka maganin ne bai karɓe shi ba ya daina sha. Mai ƙanjamau da aka tabbatar ba shi da tibi ana ba shi maganin kariya, isoniazid kullum na wata 6, ko isoniazid da rifapentine sau ɗaya a sati na wata 3.